Ni Na Danna Abin Da Ya Kashe Wayar Ilu

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, har da masu leƙowa don su yi dariya su wuce. Don Allah a ɓoye sunana, a ɓoye shi da kyau, domin a Kankia ko tari na yi ta bayan katanga an san nawa ne. Kuma ina roƙo, kafin kowa ya ɗauko zagi ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san na cancanci zagin. Na riga na yi wa kaina duk wanda za ku iya tunowa, har da waɗanda ba a ƙirƙiro ba tukuna. Shawara nake nema.

Ni magidanci ne, na kusa hamsin, ina sayar da buhuna da igiya a bakin titin da ya tashi daga Kano zuwa Katsina. Allah ya yi ni da barkwanci da ƙarin gishiri. In na ga akuya zan ce raƙumi na gani, in mota ta yi faci a gaban shagona zan ce ta tashi sama ta yi juyi uku ta sauko. Mutane sun saba, da na buɗe baki sai wani ya ce, "To jama'a, a rage rabi." Ban taɓa jin haushin wannan ba, ni ma dariya nake yi.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, bari in kira shi Ilu, ba sunansa ke nan ba. Yana zaune a Dudunni ta ƙasar Kusada, manomi ne, da kaka kuma yana raka motar wake zuwa kudu ya sayar ya dawo. Tun muna yara muke tsokanar juna, ni in ce shi ne bawana, shi ya ce ni ne nasa. Ilu ya yi karatun allo sosai amma bai yi boko ba. Bara ya sayi babbar waya, ni na zauna na shirya masa ita: kowace lamba na maƙala mata hoton mai ita, in zai kira ƙanwarsa Ladi sai ya nemo fuskarta ya danna. Tawa lambar kuwa ya rantse sai an sa mata hoton jaki, aka sa. Tun daga nan yake kirana injiniya, ni kuma na karɓi sarautar hannu biyu, alhali iyakar ilimina aji biyu na sakandare da ƙarfin hali.

Ilu yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Mamman. Shekara uku ba abin da ke haɗa su sai sallama, a kan wata ɗorawa da ta tsaya a iyakar gonakin da suka gada, kowa na cewa ta ɓangarensa take. A ranar da rigimar ta yi zafi Ilu ya faɗi wata magana a gaban mutane, ya ce wa yayansa, "Ko mutuwa ka yi kada a kira ni." Faɗa ne na baki, ni na san bai kai zuci ba, amma kunnuwa da yawa sun ji. Ku riƙe wannan.

Ranar da abin ya faru Ilu ya iso shagona da hantsi, za su yi lodin wake su kama hanya da yamma. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai bawa, sa wa ubangidanka caji, kuma kada ka ci mini kati." Na ce, "Wayar da ko kaza ba ta kira, wane kati gare ta?" Ya tafi wajen lodi yana dariya. Na jona ta, ina cikin ƙirga buhuna sai na ga wani rubutu ya fito a fuskarta da Turanci, wai akwai afdet, wato sabunta kayan cikin waya, a danna yanzu ko a bari sai an jima. To don Allah wa ya aike ni? Wayata ce? An tambaye ni? Abu ya ce a bari sai an jima, ga hanyar tsira a buɗe, amma shaiɗanin injiniyanci ya hau kaina, na ce bari in yi wa ɗan ƙauye gata, ya dawo ya tarar wayarsa ta zama amarya. Na ma kunna mata data daga tawa wayar, don ku san da ƙafata na je na ɗauko wahalar. Na danna.

Ta yi duhu, ta kawo wani zare yana tafiya kamar hawainiya mai ciwon ƙafa. Na yi ciniki, na ci abinci, na yi azahar, zaren nan bai kai ƙarshe ba. Da ta gama ta kunna kanta, fuska ta yi kyau, launi ya canza, har na fara shirya irin kurin da zan yi. Sai na duba sama inda karan sabis ke tsayawa. Babu ko ɗaya. Wani ɗan gicciye ne kawai a wurin yana kallona. Na kashe na kunna, babu. Na fita bakin titi na ɗaga ta sama kamar mai tsayar da mota, babu. Tawa wayar da ke aljihuna, layinmu iri ɗaya, kara huɗu cif. Na hura mata iska, na goga ta a riga, na yi mata bismilla. Ta ɗauki zafi har ana iya soya ƙwai a bayanta, to wannan a rage, amma wallahi ta yi zafi.

Ilu ya dawo bayan la'asar, mota na jiransa tana ta oda. Ya karɓa ya juya ta ya ce, "Injiniya, ina sandunan nan na sama suka tahi? Kuma mi ya sa ta canza kama?"

A nan ne ya kamata in ce, Ilu, na yi karambani, zo mu cire layinka mu sa a ƙaramar wayata ka tafi da ita. Ƙaramar wayar tana nan cikin durowa, tana da caji. Minti biyu ne. Amma ta yaya zan yarda in faɗi a gaban taubashi? Da ya samu abin da zai tsokane ni da shi har jikokinmu. Sai na gyara murya na ce, "Kai dai baƙauye ne. Wayar ce take wanka, duk manyan wayoyi suna yi. Kwana biyu za ta ɗauka tana gyara kanta, sabis zai dawo da kansa. Amma ka ji, kada ka kuskura ka cire layin, kada ka ba kowa ya taɓa, in aka buɗe ta tana cikin wankan ta mutu ke nan."

Ya ce, "To, Allah ya ba ta lafiya." Ya zura ta a aljihu ya hau mota. Ni a zuciyata na ce zuwa gobe za ta warware, in ma ba ta warware ba ya dawo in san dabarar yi. Tafiyar tasa kwana biyar ce fa kawai. Me zai faru a kwana biyar?

Washegari da safe aka kawo Yaya Mamman asibiti nan Kankia. Dama ya jima yana fama da ciwo, ranar sai ya tashi gaba ɗaya. Ladi ta zo daga Rimaye inda take aure, ni ma na rufe shago na tafi, tunda shi ma ɗan kawuna ne. Na shiga da shirin ba shi dariya kamar yadda na saba, na ce, "Yaya, ka zo hutu ne ka bar mu da aikin gero?" Ya ɗan motsa baki, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ina Ilu?" Aka ce ya yi kudu. Ya ce, "A kira mini shi. Ba sai ya zo ba, muryarshi kawai nike so. In ce mishi ɗorawar tashi ce, ya yafe mini, ni na yafe mishi."

Ladi ta kira. Matar nan ta cikin waya ta ce ba a samun lambar. Ta sake, haka. Zuwa azahar maganar ta canza, ta koma wayar a kashe take. Daga baya Ilu ya gaya mini a daidai lokacin ne ta yi zafi a aljihunsa ta ɗauke gaba ɗaya, ya sa mata caji a mota ta ƙi ko motsi, shi kuma ya bar ta saboda injiniya ya ce wanka take yi. Bai haddace lambar kowa ba, ina zai haddace, hotuna yake bi. Ko ya ari waya wa zai kira?

Kwana biyu ana wannan kira. Ladi ta kira har yatsanta ya yi kanta. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce bari ya gwada da tasa, kamar wayar Ilu tana zaɓen wanda za ta amsa wa. Yaya Mamman in ya farka abu ɗaya yake tambaya, "An same shi?" Sai babban ɗansa, wanda shi ma magidanci ne, ya ce daga bakin ƙofa, "Baba, ka daina wahalar da kanka. Ya ji labarin an kwantar da kai ne ya kashe. Ai ya faɗa da bakinshi." Ina zaune a kan benci, tsakanina da gadon bai fi taku biyu ba. Ni da bakina ba ya rufuwa ko a wajen ta'aziyya, ranar sai na zama kurma. Na ce a raina, in na faɗa yanzu me zai ƙara? Zai kunna wayar ne? Gara in nemo direban motar, in an samu Ilu shi ke nan magana ta mutu.

Na nema, Allah shaida na nema. Na je wajen lodi, aka ce motar baƙuwa ce, direban ba ɗan nan ba ne. Na bi 'yan kamasho ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tura ni wurin wancan, na zaga Kankia har takalmina ya san kowane lungu. Kafin in samu lambar, Yaya Mamman ya cika, ranar ta uku kafin azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka kai shi Dudunni aka yi jana'iza bayan la'asar. Da na samu direban washegari, cewa ya yi ai tuni ya sauke kaya sun rabu da mai waken.

Za ku ce to nan laifin ya tsaya. Ina! Ni in na fara ɓarna sai na yi mata rufi da daɓe.

Ranar ta biyar mota ta sauke Ilu a gaban shagona. Ya sauko da ƙura har gira yana washe baki, ya ce, "Bawa, wayarka mai wanka ta nutse a kogi!" Ni na gaya masa rasuwar. Ban taɓa ganin mutum ya zauna irin wannan zaman ba, kamar an zare masa ƙashi. Da na ce masa Yaya ya yi ta nemansa don su yafi juna, sai ya sa hula ya rufe fuska. Na ba shi ruwa, na ce ya shiga ciki ya watsa, ya yi salla, sannan mu wuce gida tare. Yana shiga na zare wayar daga rigarsa na yi wajen mai gyara da sauri. Me nake tunani? In gyara ta kafin wani ya duba ya gane abin da aka yi mata. Kaina kawai nake ceto.

Mai gyaran ya jona ta da kwamfuta, ya dube ni ya ce, "Wa ya yi mata afdet? Irin wannan wayar in ta sha shi sabis take fara yarwa, daga nan ta ɗauke. Kun fi mutum nawa da kuka kawo mini. Ai da an cire layin an sa a wata, da ba a rasa kira ba." Na ce, "Wani ɗan ƙauye ne ya yi karambani." Ya yi mata filashin, komai na ciki ya goge, hotuna da lambobi, har jakin. Amma ta tashi, ga sabis kara huɗu reras. Na mayar wa Ilu na ce an gyara. Ko kallonta bai yi ba ya jefa aljihu.

Muka isa Dudunni ana zaune a ƙofar gida, tabarmi cike da mutane. Ilu ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka amsa masa a ciki-ciki. Wani dattijo ya ce, "Ilu, ɗan'uwanka ya neme ka har ƙarfinshi ya ƙare." Ilu ya ce, "Wallahi Baba wayata ce ta mutu tun a hanya." Babban ɗan marigayi ya zaro tasa wayar ya danna lambar Ilu. Jama'a, wayar da ta yi kwana huɗu ko tari ba ta yi ba, sai ga ta ta ɓarke da kiɗa a aljihun Ilu, da ƙarar da na tabbata an ji ta a Kusada. Kowa ya zuba wa aljihun ido, ita kuwa tana ta rawa.

Ilu ya ce, "Yanzun nan aka gyara ta! Ku tambayi wanga, shi ya kai ta." Duk aka juyo gare ni. Na ce, "Ƙwarai, gaskiya ne, ta lalace, ni na kai ta gyara ɗazu." Iyakar abin da na faɗa ke nan, rabin gaskiya, rabin da ba ya cizo. Sai ɗan marigayi ya ce, "Kawu, da girmanka. Nan ba bakin titi ba ne. Kai da kake ganin raƙumi a jikin akuya, yau kai ne shaida? Taubashinka ne, dole ka rufa mishi." Wani daga baya ya ce, "A rage rabi," ba da dariya ba. Shekara talatin ina jin wannan magana, ranar ce ta fara yi mini ciwo.

Yau kusan wata guda ke nan. 'Ya'yan marigayi ba sa gaishe da Ilu. In ya shiga sahu a masallaci na kusa da shi sai ya ɗan matsa. Matarsa ta je ɗaukar ruwa an yi mata habaici har ta dawo da tulu babu komai. Ladi, wadda duk duniya ba ta da kamar Ilu, ta ce ba za ta taka gidansa ba. Shi kuwa ya rame, ya daina tsokanata. Shekaranjiya ya zo shago ya zauna, ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Ya miƙo wayar ya ce, "Mayar mini da hotunan mutane, ban iya kiran kowa." Muna cikin yi ya ce, "Ka san abin da ke hana ni sukuni? Da ban faɗi maganar nan ta ɗorawa ba, da Allah bai kashe wayar ba. Bakina ne ya ja." Kun ji fa. Mutum yana zaune a shagona, a kan bencina, yana ɗora wa kansa kayan da ni na ɗaure. Har godiya ya yi mini wai ni kaɗai na tsaya masa a gaban mutane. Na ce masa, "Haba, ba komai." Ba komai! Ni ko kunya ba ta kashe ni ba.

Kuma abin da ke ƙara ƙona mini rai, wai duk wannan a kan danna abu ɗaya ne. Su masu ƙera wayar, in sun san abin zai iya kashe ta, don me za su aiko shi da rana tsaka ya tsaya yana kiran yatsan mutum? Me ya hana su rubuta da Hausa, da jan rubutu, cewa kai mai buhu, cire hannunka? Na kan yi wannan faɗan ni kaɗai a shago har masu wucewa su leƙo. Amma in na gama sai in tuna ba su suka ce wa Ilu waya tana wanka ba, ba su suka hana shi cire layi ba, ba su suka zauna a benci suka yi shiru ba.

Hanyar wanke Ilu ɗaya ce, na auna ta ta kowane gefe. In ɗauki mai gyaran nan a babur in kai shi Dudunni ya yi bayani da bakinsa, shi za a yarda da shi tunda ba danginmu ba ne kuma ba ya ƙarin gishiri. Amma da ya buɗe baki zai ce afdet aka yi mata, za a ce wa ya yi, Ilu zai tuna a hannun wa ya bar ta. Daga nan kowa zai lissafa: ashe lokacin da Yaya Mamman ke tambaya an same shi, akwai wanda ya san dalili yana zaune kusa da ƙafarsa. Ladi za ta dube ni. Ilu zai gane wanda yake yi wa godiya. Ban san ko akwai wasan taubasantaka da zai ɗauki wannan ba. Matata ma ban gaya mata ba, tana dai cewa me ya same ni na daina surutu, ko a kai ni asibiti.

Jiya kuma Ladi ta kira ni. Ta ce ranar sadakar arba'in dangi za su zauna bayan an watse, kuma dattawa sun yanke cewa a samu wanda zai je ya lallashi Ilu ya amsa laifinsa a gaban kowa, ya ce shi ya kashe wayar da gangan, ya nemi gafarar 'ya'yan marigayi, sai a yafe masa a wuce wurin. In ya ƙi, su babu su babu shi. Na ce, "To wa za a tura?" Ta ce, "Wa kuwa in ba kai ba, Yaya? Kai kaɗai yake jin maganarka."

Na san Ilu. In na je na ce ya amsa, zai amsa, don ya gaji, kuma don ni na faɗa. Zai durƙusa a gaban 'ya'yan yayansa ya nemi gafarar abin da bai yi ba, a shafa fatiha, kowa ya koma gida, ni ma in koma shagona ba wanda ya sani. Saura kwana tara. Don Allah jama'a, wanda zai zage ni ya zaga, amma ya haɗa da amsa. In fara zuwa wurin Ilu shi kaɗai, ko in bari sai an taru in faɗa gaba ɗaya? In ma na faɗa, wa zai yarda ba wani sabon labarin na ƙirƙiro ba? Ni dai kaina ya kulle. Me zan yi?